Hoton Ƙirjin Ladan

Babana shi ne ladanin garinmu. Ƙaramin gari ne a arewa da Minjibir, inda gona ke manne da gona, gida na hango gida, babu daji a tsakani sai gawo da ɗorawa da kuka jefi-jefi. Masallacinmu na ƙasa ne, a gefensa akwai matakala, ita ma ta ƙasa, wadda ladan ke hawa. An taɓa samun lasifika, wani ɗan garin da ke aiki a birni ya kawo, amma batirin motar da ke kunna ta ya mutu, ba a kuma samu halin sayen wani ba. Ba wanda ya damu sosai. In Baba ya hau matakalar nan ya sa yatsu a kunne, har masu aiki a fadama suna jin sa. Da muryarsa mata ke ɗora sanwa, da ita manoma ke saɓa fartanya su nufo gida.

Shekarun da nake magana a kansu na wahala ne. Ruwa ya yi ta yi mana wasa: a yi shuka ta fito, ta bushe, a sake. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji. Mun ci tafasa, mun ci zogale har bishiyoyin suka koma sanduna, garin rogo da muke yi wa dariya a da muna cewa abincin 'yan makarantar kwana ne ya shiga kwanon dattawa. Yayyena maza sun tafi ci-rani kudu, damina ta faɗi ba su dawo ba. Ni kuwa ina koyarwa a firamaren garin, ina aure a gidan da ke bayan masallaci, da 'ya'yana ƙanana biyu. Tun da na gama makarantar horon malamai Baba ya daina kiran sunana, sai dai Malama, rabi girmamawa rabi tsokana.

A daminar da abin ya faru an daɗe ba ruwa, gero ya fara naɗe ganye, har an fita roƙon ruwa. Ranar da hadari ya haɗo Baba yana gona yana maimai. Kowa ya ruga gida, shi ya ƙi. Ya tsaya ruwa ya yi masa duka son ransa, wai so yake ya gani da idonsa yadda kunya ke sha. Ya dawo sharkaf yana dariya, bai ko canza riga ba ya hau matakala ya kira la'asar. Inna, mahaifiyata, ta yi ta faɗa, ya ce mata ruwan rahama ba ya sa ciwo.

Kafin mako ya zagayo ya kwanta. Zazzaɓi mai zafi, rawar ɗari, da wani suka a haƙarƙarin dama wanda in ya ja numfashi sai ya ce kamar ana soka masa wuƙa. Yana tari yana riƙe gefensa, kakin na fitowa jaja-jaja kamar tsatsa. Malamin asibiti da ke ɗakin shan magani na garin ya zo a kan kekensa, ya ɗora masa abin sauraro a baya, ya ce limoniya ce, wato ciwon sanyin huhu. Ya fara yi masa allurai, safe da yamma yana zuwa. Allah ya taimaka, zazzaɓin ya sauka, sukan ya lafa, Baba ya fara neman kunu da kansa, har ya soma ƙorafin cewa ba a sa tsamiya sosai ba. Da muka ji ƙorafin muka san ya dawo.

Sai dai numfashi bai dawo ba. Daga ɗakinsa zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango. Wata azahar ya lallaɓa ya hau matakala ba wanda ya sani. Ina cikin aji na ji muryarsa ta tashi, yara suka ɗaga kai, ni ma na saki alli. Kabbarar farko ba ta kai ƙarshe ba ta yanke, tari ya biyo baya. Telan garin, wanda ke riƙe masa kiran tun da ya kwanta, shi ya hau ya ƙarasa. Mutumin kirki ne telan nan, amma muryarsa ko katangar masallaci ba ta tsallakewa. Mata suka yi ta makara da girki a wannan watan.

Malamin asibiti ya dawo ya sake sauraron bayan Baba, ya daɗe a wuri ɗaya, can ƙasa ta dama. Ya ce iska ba ta shiga nan yadda take shiga ɗaya gefen, kuma abin ya fi ƙarfin kunnensa. A je birni a ɗauki hoton ƙirji, a gwada kaki. Maigidana na fama da gonarsa da ta Baba, yayyena ba sa nan, don haka ni na nemi izinin hedimasta na raka shi.

Da Baba ya ji hoto za a ɗauke shi, sai ya sa Inna ta ciro masa babbar rigarsa ta sallah da hular da yake ji da ita. Man fetur na wuya a lokacin, motocin fasinja sun yi ƙaranci, sai akori-kura muka samu, direban ya ba Baba gaba, ni na zauna a baya tare da mata masu kai daddawa kasuwa. Muka isa babban asibiti da hantsi. Da layi ya zo kansa, mai ɗaukar hoton ya ce ya tuɓe riga, ya cire hula, ya rungumi wani faranti na ƙarfe mai sanyi, ya ja numfashi ya riƙe. Baba ya fito yana gyara riga yana girgiza kai.

"Malama, wannan wane irin mai hoto ne? Ka yi masa ado ya ce ka tuɓe, sannan ya ɗauke ka ta ƙeya."

Na yi dariya har mutanen kan benci suka juyo. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Da aka wanko hoton, mai ɗaukar ya ɗaga shi ya nuna wa abokin aikinsa wani wuri da yatsa, ya faɗi wata kalma ta Turanci. Na san kalmar. Ita muke amfani da ita a aji in katanga ta rushe ko mutum ya yanke jiki ya faɗi. Ban tambaye shi ba, shi ma ba da ni yake magana ba. Ya sa hoton a babban ambulan ya miƙo mini, ya ce likita ne zai yi mana bayani, mu dawo ranar da sakamakon kaki zai fito. Na riƙe kalmar nan a cikina har gida, ban gaya wa kowa ba.

A garinmu ba a taɓa ganin cikin mutum mai rai ba. Kafin mu huta zauren Baba ya cika. Aka fito da hoton ƙofar gida aka ɗaga shi ga rana, wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan. Liman ya ƙirga haƙarƙarin ya yi tasbihi. Tela ya riƙe shi a kife, ya daɗe yana kallo kafin a gyara masa. Da aka kai wa Inna cikin gida ta ɗaga ta ga manyan wurare biyu baƙi ƙirin, dama da hagu, sai ta zauna a bakin turmi.

"Duk wannan baƙin ciwo ne? To me ya rage masa?"

Na karɓi hoton na mayar da shi cikin ambulan. Wani daga cikin masu dubiya kuma ya ce shi ya taɓa ganin irin wannan, tarin fuka ne, kuma ana ɗauka. Inna ba ta yarda ba, amma ta tsorata. Ta ware wa Baba kwanonsa da moɗarsa, ta hana 'ya'yana shiga ɗakinsa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ƙaramar 'yata ta saba zama a cinyarsa tana ja masa gemu, yanzu sai ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe, shi kuma ya juyar da kai kamar bai gan ta ba.

Ranar da muka koma, likitan da muka samu matashi ne, siriri, ga alamar gajiya a idonsa, amma da ya ga Baba sai ya miƙe ya gaishe shi, ya ja masa kujera. Wuta ta ɗauke, akwatin fitilar da ake manna hoto bai kama ba, sai ya kai hoton bakin taga ya ce mu matso.

"Baba, da farko dai kakinka an gwada, babu tarin fuka. Abin da ke damunka ba a ɗauka. Ka ci abinci da iyalinka."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa. Sannan ya nuna baƙin da ya sa Inna zama a bakin turmi.

"To, likita, wannan baƙin fa da ya cinye ƙirjin?"

"Wannan shi ne lafiyarka. A irin wannan hoton, duk inda iska take baƙi yake fitowa. Ƙashi da nama da ruwa su ne fari. In na ga ƙirji baƙi haka dama da hagu, murna nake yi."

"Ikon Allah. Wannan babban farin na tsakiya kuma?"

"Zuciyarka ce."

Baba ya juyo ya dube ni, fuskarsa ba alamar wasa.

"Malama, ki zama shaida. Likita ya duba ya ce zuciyata fara ce. Ki gaya wa Innarki, ta daɗe tana shakka."

Likita ya yi dariya har hoton na rawa a hannunsa. Da ya nutsu sai ya kai bakin alƙalaminsa can ƙasa ta dama, inda wani fari ya kwanta, mai faɗi a gefe ɗaya mai tsini a ɗaya, kamar bakin gatari. Duk masu dubiyar garinmu ba wanda ya lura da shi. Ya ce nan ne maganar take.

"Baba, ka taɓa ganin yara ranar layya sun sami huhun rago suna hura shi ta maƙogwaro?"

"Ni ma na yi da ina yaro. Ya kumbura ya yi jajir, in ka saki ya koma."

"To haka naka yake. Maƙogwaro ya rabu rassa kamar bishiya, kowane reshe na kai iska wani sashe. Lokacin da kake kwance majina mai kauri ta taru. Kai kuma saboda sukan haƙarƙari ka daina jan numfashi har ƙasa, ka daina tari da ƙarfi. Sai majinar ta toshe reshe ɗaya. Iskar da ta rage a bayan toshiyar jiki ya shanye ta, sabuwa ba ta shiga ba, wurin ya lotse. Da ya lotse ba iska a ciki, shi ya sa ya fito fari. Ka ga ma tantanin da ya raba ƙirji da ciki ya ɗan hau sama ta wannan gefen, ya bi wurin da ya tsuke."

A nan na kasa haƙuri. Na gaya masa kalmar da na ji ranar da aka ɗauki hoton, na ce ni abin da na fahimta huhun ya rushe.

"Malama, kalmar ce mai ban tsoro," in ji shi. "Mu ma da ita muke kiran abin, amma ba rushewar katanga ake nufi ba. Kin san salka in an juye ruwanta yadda take shafewa? Fatar na nan lafiya, in an zuba ruwa ta cika. Wannan sashen bai mutu ba. In hanya ta buɗe, iska za ta koma."

Na ji hawaye na zuwa, na sa gefen mayafi na tare.

Baba ya tambaya ko za a yanka shi ne a buɗe hanyar. Likita ya ce a'a, aikin nasa ne da na mutanen gidansa. Ya riƙa shan ruwa sosai don majinar ta yi laushi. Ya riƙa tafiya, kada ya yini a kwance. Ya riƙa jan numfashi har ƙasa, ya riƙe kaɗan, ya saki a hankali, sannan ya yi tari da gaske ko da zai ji zafi. Ya kwanta a gefen hagu, wani ya dunƙule tafin hannu kamar zai ɗebi ruwa ya riƙa bubbuga masa bayan dama. Daga nan ya buɗe aljihun tebur ya ciro sabuwar robar ƙarin ruwa, ya yanko mai tsawon kamu biyu. Ya ce a sami kwalba a zuba ruwa ya kai rabi, a tsoma robar, Baba ya riƙa hurawa a hankali ruwan na ɓulɓula, safe da rana da yamma, a kuma riƙa canza ruwan ana wanke kwalbar.

Baba ya karɓi robar ya jujjuya ta.

"Likita, da gemuna?"

"Da gemunka, Baba. Kuma ku dawo bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki a sake hoto, ko da kun ga ya warke sarai. Hoto yana bin bayan jiki ne, mutum kan warke hoton bai nuna ba tukuna. In muka ga wurin ya buɗe, shi ke nan. In bai buɗe ba, sai mu bincika ko wani abu ne daban ya tare hanyar. Kada ku ƙi dawowa."

Da muka isa gida, tun daga zaure Baba ya ƙwalla wa ƙaramar 'yata kira. Ta zo da gudu ta tsaya a inda aka saba tsayar da ita, ya miƙa hannu ya ɗauke ta. Na yi wa Inna bayanin baƙi da fari, ta sa na maimaita, sannan ta tashi ta ɗauko kwanon da ta ware ta jefa shi cikin sauran kwanuka da ƙara. Maganar farar zuciya kuwa, cewa ta yi likitan yaro ne, bai zauna da Baba ba.

Bubbuga baya Inna ta karɓa, ba ta bar wa kowa ba. Ranar farko na nuna mata yadda ake dunƙule hannu, Baba ya kwanta a tabarma a tsakar gida, ta durƙusa ta naɗe hannun riga.

"Malam, shekara da shekaru ina haƙuri. Yau ga shi likita da kansa ya ba ni izini."

"A hankali dai aka ce."

"Ni ban ji wannan ba. Malama, an ce a hankali?"

Ta fara, bub, bub, bub, kamar mai bugun shuni. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ga abin da ke faruwa, ta koma da sauri, kafin magariba labari ya zaga gari cewa ana dukan ladan a gidansa kuma yana godiya.

Kwalbar ce ya fi jin kunyarta. Sai ya shige ɗaki ya saki labule, amma ƙarar ɓulɓular ruwa ba ta ɓoyuwa. 'Ya'yana suka gano, suka nemo kwalabensu, suka yanko karan ganyen gwanda mai rami a ciki, suka zauna a gabansa aka shiga gasa. Babban yakan hura da ƙarfi ruwa ya fantsamo masa a fuska, Baba ya ce ba haka ake yi ba, a hankali, wanda ya fi daɗewa shi ya ci. Da farko su ke cinye shi. Wata rana Liman ya yi sallama, bai jira an amsa ba ya ɗaga labule, ya tarar da ladaninsa da jikoki kowa da kwalba a gaba. Ya tsaya yana kallo. Baba ya cire robar daga baki ya ce umarnin likita ne. Liman ya ce shi bai ce komai ba. Ya zauna, aka gaisa. Can ya ce wa babban ɗana ya ara masa karan gwandarsa ya gani. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ɓulɓula ta ƙaru, na leƙa na ga dattawa biyu, kumatu a kumbure, kowa na hararar kwalbar ɗan'uwansa.

Tafiyar kuma gona ya mai da ita. Kullum da hantsi ya ɗauki sanda ya je ya dubo gero, wanda ruwan nan da ya kwantar da shi ya ceto. Da farko a hanya yake hutawa a gindin gawo, daga baya ya daina. Da yamma in yana karatun Alƙur'ani sai ya riƙa jan madda yana auna numfashinsa da ita.

Wata safiya Inna na cikin bubbugarsa tari ya sarƙe shi, mai ƙarfi, har muka tsorata. Ya tashi zaune, ya yi ta yi, sai ga wani dunƙulen kaki mai kauri ya fito. Ya zauna yana haki, ido duk hawaye. Sannan ya ja numfashi, ya sake ja, ya dafa gefen damansa.

"Ta wuce," ya ce. "Wallahi na ji ta wuce har ƙasa."

Inna ta duba tafin hannunta ta ce ai ta faɗa, hannun nan bai taɓa yin aikin banza ba.

Bai yi gaggawar hawa matakala ba. Ya ci gaba da kwalbarsa da tafiyarsa. Sai wata la'asar, ina wanke wa yara kaya, na ji kabbara ta tashi daga masallaci. Na tsaya da hannu cikin kumfa ina jiran inda za ta yanke. Ba ta yanke ba. Ta miƙe ta tsallake katangarmu ta wuce gonaki, muryar ta ɗan dishe amma tasa ce. Wata mata a maƙwabta ta rangaɗa guɗa, mijinta ya tsawatar mata wai kiran salla ne ba biki ba. Tela kuwa, an ce shi ya fara rungumar Baba da ya sauko, yana cewa an sauke masa kayan da ba nasa ba.

Da lokacin komawa ya yi Baba ya so ya noƙe, ya ce ai gari duka ya ji ya warke. Na tuna masa abin da likita ya ce. Wannan karon tsohuwar riga ya sa. Likita ya jera hotunan biyu, tsoho da sabo, ranar akwai wuta. Ban jira ya nuna mini ba, idona ya tafi ƙasa ta dama. Bakin gatarin nan babu shi, wurin ya yi baƙi kamar sauran. Ban taɓa zaton zan yi murna da ganin baƙi haka ba. Sai dai a inda yake a da akwai wani farin layi, siriri kamar tsinken tsintsiya, a kwance.

"Ya buɗe, Baba," in ji likita. "Kun yi aiki."

"Innar Malama ce ta yi aiki, ni duka na sha. Wannan zaren fa?"

"Tabo ne. Inda ciwon ya fi ci, da ya warke naman wurin ya ɗan tauri. Mai yiwuwa ya dushe kaɗan, mai yiwuwa ya zauna haka har ƙarshen rayuwa."

Baba ya ɗage ƙafar wandonsa ya nuna masa wani tsohon tabo a ƙwauri, inda fartanya ta sare shi tun yana saurayi.

"Irin wannan?"

"Irinsa. Yana maka ciwo?"

"Sai in na gan shi nake tunawa da shi."

"To haka wannan. Ba ya yaɗuwa, ba a ɗauka, kuma ɗan wurin da ya ci bai kai ya rage maka numfashi ba. Amma in ka ga tari ya daɗe, ko jini a kaki, ko rama, ko zazzaɓi ya dawo, kada ka ce ai tabo ne, ka zo. Kuma ka adana hotunan nan. Duk ranar da aka sake ɗaukar ka, wanda bai san ka ba zai ga layin nan ya tsaya tunani. In ka nuna masa tsohon ya ga bai canza ba, magana ta ƙare."

Inna ta naɗe ambulan ɗin a tsohon zani ta sa a ƙasan akwatinta. Geron shekarar bai cika rumbu ba, amma ya kai mu gaba da inda na bara ya kai mu, yayyena kuma suka dawo da kaka suka tarar da Baba yana ɗaurin dami.

Shekaru bayan haka, da abubuwa suka yi sauƙi, yayyena suka haɗu suka biya masa Makka. Wajen gwajin lafiyar maniyyata wata likita ta saurari ƙirjinsa, ta ji labarin tsohon ciwon, ta ce a ɗauki hoto. Da ya fito ta ga layin, ta tsaya tana dubawa. Baba ya ce mata ta dakata, ya kwance zanin Inna ya miƙa mata ambulan. Ta jera su ta duba wannan ta duba wancan, ta ce layin bai motsa ba ko kaɗan, da ma kowa na zuwa da tsohon hotonsa haka da aikinsu ya yi sauƙi. Ta sa masa hannu a takarda, ta roƙe shi ya yi mata addu'a in ya isa. Ya ce zai yi, kuma da ya dawo ya gaya mini ya yi.